Matashin da ya zuba mana Debian a kwamfutoci 18: abin da na gani a aikinsa

Ina da ƙaramar cibiyar koyar da kwamfuta a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Yawancin ɗalibanmu 'yan lise ne da 'yan jami'ar Dan Dicko Dankoulodo masu son buga takardunsu da hannunsu. Bana kafin a koma lakwal na sayo kwamfutoci 18 'yan gwanjo, na ce a zuba musu Debian 12, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, don kyauta ce kuma ba ta yi wa tsohuwar na'ura nauyi. Aikin na ba wani matashi mai shago kusa da babbar kasuwa.

Abin da ya fara burge ni, bai zauna yana bin na'urorin ɗaya bayan ɗaya ba. Ya rubuta fayil guda, wanda 'yan Debian ke kira preseed, ya zuba amsar duk tambayoyin da ake yi lokacin girkawa: harshe, agogon Yamai, rabon faifai, sunan mai shiga. Ya ɗora shi a shafin cibiyarmu na intanet. Kowace kwamfuta ta taso ta wayar rezo, ta ɗauko fayil ɗin, ta ƙarasa aikinta ba mai taɓa ta.

11 suka gama lafiya. Bakwai kuwa suka tsaya cik, allo ya yi ja, wai an kasa samo fayil ɗin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don kuɗin nan bashi na ci, har na ɗauki waya zan kira wanda ya sayar mini. Sai yaron ya ce, "Alhaji, a dakata tukuna. Na'urorin nan lafiyarsu lau, ina jin hanya ce ta ɓace musu."

Ya jawo kujera ya zauna gaban ɗaya, ya danna Alt da F4, rubutu ya cika allo, yana bi da yatsa layi-layi. Ya nuna mini lamba 301. Ya ce kamar ka je shagon da ka saba ne ka tarar da takarda a ƙofa, "mun tashi, mun koma wuri kaza." 301 tashi ne na dindindin, 302 na ɗan lokaci. Ashe inda shafinmu yake ajiye, duk wanda ya zo ta adireshin http tura shi ake zuwa https, mai kulle da takardar shaida. Turawar ba laifi ba ce, na'urorin duka sun bi. A sabuwar ƙofar ne bakwai ɗin suka maƙale, saboda takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, su kuma agogonsu ya koma baya shekaru da yawa. Da suka duba takardar sai suka ga, a lissafinsu, ranarta ba ta ma zo ba, suka ƙi ta. Ya kwance murfin ɗaya ya zaro ɗan batir mai kama da dala, CR2032, wanda ke riƙe agogo idan an kashe na'ura. Ya mutu murus.

A nan ne ya shiga raina. Ya faɗa mini gaskiya cewa akwai layi guda da zai ƙara, na'ura ta daina duba takardar shaida gaba ɗaya, a wuce wurin cikin minti biyu. Amma ya ce ba zai yi ba, domin fayil ɗin nan shi ke tsara na'ura tun daga tushe har da kalmar sirrin mai cikakken iko a kan na'urar, idan wani ya musanya shi a hanya, kwamfutocin yara sun zama nasa. Ya hau babur ya sayo batura bakwai, ya gyara agogo.

Washegari turawa ta sake kama mu ta wata fuska. Forfe ɗinmu ya ƙare ba mu sani ba, sai rezon waya ya riƙa tura kowace buƙata zuwa shafinsa na sayen sabo. Na'ura ta karɓi shafin talla a matsayin fayil ɗin amsoshi, ta kasa karantawa. Sai a lokacin ya yi abin da, a ganina, tun farko ya kamata ya yi: ya mai da kwamfuta ɗaya rumbu a cikin ɗakin, ya ajiye fayil ɗin a kanta, ya sa mata wata manhaja mai suna apt-cacher-ng. Abin da ta farko ta sauko da shi daga intanet, sauran a rumbun suke ɗauka. Ya kuma sa lambar tantancewa, ta yadda ko harafi ɗaya ya canja a fayil ɗin na'ura ba za ta karɓa ba.

Wannan jinkirin shi ne babban ƙorafina, don 11 na farko kowacce ta ja kayanta daga waje, a aljihuna. Sannan ba ya cika alkawarin lokaci, ranar farko ya ce ƙarfe tara, sai bayan azahar ya iso. Kuma duk ilimin nan a kansa yake, sai da na matsa sannan ya rubuta mini matakan a takarda. Ladan aiki jaka 45 ya karɓa, batura daban, kuma bai ƙara ko dala ba kan kwana na biyu.

Mai lakwal ko sibar da zai ba shi irin wannan aiki, ya ce masa tun a ciniki a fara da rumbu cikin gida, a kuma duba agogon kowace na'ura kafin a fara girkawa. Takardar da ya rubuta mini na manna ta a bango kusa da rumbun, kuma makon jiya ɗaya daga cikin ɗalibaina mata ta bi ta ita kaɗai ta sake girka na'urar da ta lalace.