Sharhi: Sabis ɗin tsohuwar Seiko 7548 a Kasuwar Sabon Gari, Zariya

Seiko 7548 agogon masu ninƙaya ce mai batir da ta fito a 1978. Injinta na ƙarfe ne mai jauhari 5 (ƙananan duwatsun da haƙoran inji ke juyawa a kansu), an yi shi don a kwance a wanke a mayar, ba irin na roba da ake jefarwa ba. Tawa tana tsayawa ko da sabon batir, shi ya sa na miƙa ta ga wani mai gyaran agogo a Kasuwar Sabon Gari, kuma aikinsa ya gamsar da ni.

Abin da ya fi burge ni, bai fara da kwance inji ba, mitar awon lantarki ya fara ɗaukowa. Batirin da ya tarar a ciki na alkalin ne, ya yi yoyo, farin gari ya ci ƙarfen da ke taɓa shi. Ya kankare wurin, ya goge da sifirit. Sannan ya auna kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke motsa inji: a mita, lafiyayye yana ba da 'yan dubban ohm, idan mita ba ta motsa ba to wayar ta tsinke. Wayar nan ta fi gashi siranta, yawanci sukudireba ne ke zamewa ya yanke ta wajen canjin batir. Nawa kwayil ɗin lafiya lau. Matsalar ita ce tsohon mai da ya daskare, ya haɗu da ƙurar hunturu ya riƙe haƙoran inji, ita kuwa 'yar motar lantarkin agogon batir ba ta da ƙarfin ture datti. Ya wanke haƙoran, ya share ɓurɓushin ƙarfen da maganaɗisun rota (sashen motar da ke juyawa) ya tara, ya ɗiga mai da bakin allura a kan jauhari kawai. Mai in ya yi yawa shi ma tsayar da agogo yake yi.

Batirin da ya dace da ita SR43SW ne, wato 301, mai sinadarin azurfa, volt 1.55. Shi ya saka, da hantsakin roba don kada ya haɗa wuta.

Inda aikin ya gaza shi ne robobin hana ruwa shiga, wato ta murfin baya da ta kan saiti. Ba shi da sababbi daidai girmansu, tsofaffin ya shafa wa man silikon ya mayar, kuma ba shi da na'urar gwajin ruwa. Don haka zurfin ruwa mita 150 da ke rubuce a fuskarta kada ta ruɗi kowa, a cire ta kafin alwala, a kiyaye ta da ruwan damina. Wanda zai kai tasa ya nemi robobin tukuna ya tafi da su.

Yanzu saɓaninta bai wuce 'yan daƙiƙu a wata ba. Idan hannun sakan ya fara tsallen biyu-biyu, batir ne ya kusa ƙarewa, a cire shi da wuri tun bai yi yoyo ba.