Gargaɗi ga masu zuwa Duwala sari: sefa 215,000 wani ya ci mini

Sefa 215,000. Har yanzu idan na faɗi adadin nan sai gabana ya faɗi. Yau kwana tara da dawowata Garwa, ban iya gaya wa kowa ba sai maigida da ƙanena da muka yi tafiyar tare, saboda kunya. Amma jiya na ga mutumin ya sake saka tallarsa a wani zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Ya canza lamba, ya canza hoto, maganar dai ita ce: "Ku huta da wahalar gar (tashar jirgi), mu za mu yi muku komai daga Ngaundere har Duwala." Sai na ce wallahi ba zan yi shiru ba.

Kafin wani ya ce mini "Hajiya ke ma da ganganci", ku saurara. Ni ba baƙuwar kasuwa ba ce. Shekara 14 ina sayar da atamfa da leshi, na san mai zamba tun daga sallamarsa. Na sha korar masu cewa in turo kuɗi za a ninka mini. Wannan bai zo da irin wannan ba. Bai ce zan ci riba ba, bai ce na ci kyauta ba. Aiki ya ce zai yi mini, aikin da kowa ya san ana biyan mutane su yi.

Da ma wata Hajiya ce ke kawo mini kaya daga Duwala tana ɗora nata a kai. Bana na ce bari in je da kaina kasuwar Kwango in ga farashi da idona, in leƙa kasuwar Mbopi in haɗo da man shafawa da turare. Duk wanda ya san hanyar ya san ba wasa ba ce. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, kusan kilomita 280, da hawan dutsen nan da ke gab da gari. Sannan jirgin ƙasa na dare, sama da kilomita 600 zuwa Yawunde, ka tashi da yamma ka isa da safe in Allah ya sa ba a yi latti ba. Sannan ka nemi tasi zuwa Mvan, inda motocin Duwala ke lodi, ka sake wasu kilomita 240 ta Edeya. Ni ban taɓa wuce Yawunde ba, Faransancina kuma na ciniki ne kawai. Abin da ya fi damuna shi ne kushet, ɗakin kwana na jirgi, don wuraren ba su da yawa, suna ƙarewa da wuri, ga shi ina fama da ciwon baya. To mace a irin wannan hali ta ga wanda ya ce zai kama mata gado a jirgi, ya tanadi mai tarbarta, ya kama mata masauki, ya ba ta mota da direba na kwana uku a cikin Duwala, me za ta yi?

Kuma sai da na gwada shi. Na kira shi, Hausa tsantsa, ya juya Fulatanci, ya ce shi ɗan unguwar Birikiteri ne a Yawunde, kakanninsa daga nan Garwa suka tafi. Na tambaye shi unguwanni, ya lissafa. Na ce ya kira ni da bidiyo, ya kira, ga shi tsaye a bakin tashar jirgi, mutane na wucewa da kaya a ka. Ana cikin magana aka kira la'asar, ya ce, "Hajiya, yi haƙuri in ba da farali, zan sake kira." Ya kuwa kira.

Amma ba wannan ne ya kama ni ba. Dubu biyar ɗin nan ce. Kuɗin farko 70,000 ne: 56,000 kushet na mutum biyu, 14,000 motar Duwala. Ni kuma na tura masa 75,000, na ce biyar ɗin ya sha ruwa. Ko minti goma ba a yi ba sai ga saƙo ya shigo wayata, ya dawo da 5,000. Ya biyo da murya: "Haba Hajiya, ai ke uwa ce. Sai na gama aiki kin gani da idonki, in kin ga dama ki sa mini albarka." Na saurari muryar nan ta fi sau talatin tun da na dawo. Ina kwance da dare ina jin ta a kunnena. Ya mayar da 5,000. Wane ɓarawo ne ke mayar da kuɗi? Na nuna wa maigida a ranar, shi da kansa ya ce, "Wannan yaro da alama ɗan mutunci ne." Ashe da dubu biyar ɗina ya sayi amanata, ya tafi da 215,000.

Saƙon mayar da kuɗin yana nan, ban goge ba. Zan saka hoton saƙon, da hoton biyen, wato tikitin jirgin, da ya turo, da duk hirarmu daga farko, ƙanena yana rufe lambobin mutanen da ba ruwansu ne kawai.

A Yawunde muka yi awa biyu a bakin gar da jakunkuna. A'a, bari in koma baya, don tun a Ngaundere abin ya fashe. Mun isa bayan azahar, na je wurin masu duba tikiti na miƙa wayata da katin ɗan ƙasa. Ma'aikacin ya duba hoton, ya duba na'urarsa, ya sake dubawa, ya kira abokin aikinsa. Ya ce, "Madam, wannan lambar ba ta cikin jirgin yau, gadajen nan kuma da masu su." Ya ce hoton tsohon biye ne aka goge suna aka rubuta nawa. Ga layi a bayana, har da mutanen Garwa da suka san ni. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Masu jirgi ba su da laifi ko kaɗan, hasali ma su suka taimaka muka samu kujeru biyu a aji na biyu, muka sake biya daga kuɗin sari.

Na kira shi nan take, kuma ya ɗauka. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai. Ya yi salati, ya ce yaronsa ne ya yi kuskure ya turo hoton wani, in yi haƙuri, da na sauka Yawunde zai mayar mini da 56,000 hannu da hannu. Na yarda, don a lokacin 215,000 ɗina duk suna hannunsa, ba ni da abin riƙewa sai maganarsa. Na manta ban faɗa ba: bayan 70,000 na farko, kwana biyu kafin tafiya na tura 105,000, wato 45,000 masaukin kwana uku, 60,000 mota da direba. Shi ya tsorata ni da Duwala. Ya ce in ba ki da mota ta kanki, cunkoson Ndokoti kaɗai zai cinye miki yini, masu babur kuma za su gane ke baƙuwa ce su wuce da jakarki. Cunkoson gaskiya ne, na gani da idona daga baya, shi ya sa ƙaryarsa ta zauna. Sai 40,000 na ƙarshe, wannan muna cikin mota ma, mun kusa hawan dutse, ya kira ya ce motar dakon kaya da za ta taso arewa ta kusa cika, in ba da kafin alƙalami a kama mini wuri. Sai da muka jira waya ta samu layi na tura. 70, da 105, da 40. Ku haɗa ku gani.

Dare guda a zaune, bayana kamar zai ɓalle. Mun wuce Ngaundal, mun wuce Belabo, ban runtsa ba, ina riƙe da jakar kuɗi a cinya ina ta karanta hirarmu ina neman inda na yi kuskure. Ƙanena yana cewa, "Yaya, ki ajiye wayar nan ki huta." Ina zan huta?

Da safe a Yawunde ya ce direba yana hanya. Bayan awa ɗaya ya ce direba ya tsaya shan mai. Bayan nan waya ta mutu. Hotonsa ya ɓace daga WhatsApp. Shi ke nan. Muka shiga Birikiteri muna tambaya, muna nuna fuskarsa da na ɗauka lokacin bidiyo, daga masu tsire har dattawan bakin masallaci ba wanda ya san shi. Wani dattijo ya dube ni ya ce, "'Yata, ba ke ce ta farko da ta zo nan da irin wannan hoton ba." Shi ya sa yaro ya raka mu har Mvan.

Mun shiga Duwala ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Masaukin da ya ba ni sunansa yana nan, gini ne na gaske, amma ba su taɓa jin sunansa ko nawa ba. A unguwar Niyu Bel muka kwana, gidan wata 'yar uwar kishiyar mahaifiyata da ban taɓa gani ba, Allah ya saka mata da alheri. Ɗanta ne ya zaga da mu kwana biyu, tasi mai ruwan ɗorawa da ake cika mutane, wani wurin babur, wanda su ke kira bensikin. Duk zirga-zirgar da muka yi daga Kwango zuwa Mbopi zuwa Akwa ba ta kai ko rabin 60,000 ɗin da na biya na motar da babu ita ba. Motar dakon kaya kuma sai ka kai kayanka an auna an ba ka resi, wato rasit, sannan ka biya. Ba wanda ke karɓar kuɗin wuri kafin a ga kaya.

Na kai ƙara, na ba da lambobin da na tura wa kuɗi. Sunan da ke kan layin ba nasa ba ne, sunan mace ne ma. Na ga sunan tun ranar farko, na tambaye shi, ya ce layin matarsa ne. Mutum nawa ne a kasuwarmu ke karɓar kuɗi da layin matarsa ko na ƙaninsa? Ku gaya mini.

Biye dai ku saya a gar da hannunku, ko ku aiki wanda kuka san gidansu. Kada ku yarda da hoto. Masauki sai kun ga ɗaki. Wanda ya mayar muku da canji, ku ƙara tsoronsa.

Abin da ya fi ci mini rai, 40,000 ɗin ƙarshe ba nawa ba ne. Na maƙwabciyata ne mai 'ya'ya marayu, ta ba ni in sayo mata turmi kaɗan ta fara juyawa. Na cika mata daga jarina, na kawo mata kayanta, ba ta san komai ba sai ta karanta wannan. Shi kuwa, duk inda yake, da shi da wanda ya ba shi layin, Allah ya isa tsakanina da su. Hotunan suna zuwa bayan isha'i.