Hattara da masu tallar "zumar daji ta Kamaru"

Jama'a, a yi hankali da wasu masu tallar zuma a Facebook da WhatsApp, wai tsantsar zumar daji ce daga Kamaru, a tura rabin kuɗi su sa maka jarka a mota. Wasu in ka tura shi ke nan, lamba ta mutu. Waɗanda ke aiko da kayan ma sun fi cutarwa, don abin da ke cikin jarkar sukari ne da mazarƙwaila aka dafa har ya yi kauri, aka zuba zuma kaɗan a sama saboda ƙamshi.

Sai ka ga sun ɗora ɓallin saƙa da matattun ƙudan zuma biyu-uku a bakin jarka. Wannan ado ne kawai. Ka sa a juye ta a roba, ka ɗanɗana na ƙasa: ɗacin ƙonannen sukari zai kama maka maƙogwaro.

Zumar dajin Adamawar Kamaru, wajen Ngawundere da Meiganga da Tibati, gaskiya ce, kuma tana shigowa Najeriya. Duhu gare ta, sau da yawa da warin hayaƙi, saboda da wutar ciyawa ake korar ƙudan daga amya. Wannan duhun ne 'yan algus ke fakewa da shi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu cewa "farar zumar Oku" suke sayarwa. Ita wannan daga dajin Kilum-Ijim take, can kan tsaunin Oku mai sanyi a Arewa maso Yammacin Kamaru, kuma tun 2013 hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar fasaha da sunayen kaya a wasu ƙasashen Afirka, ta yi wa sunanta rajista. Fara ce mai kauri kamar man shanu, ba ta da yawa, ba ta son zafi. To yaya za a yi ka same ta jarka-jarka a rana, da araha kuma?

Kada a dogara da gwajin ashana ko ɗigawa a ruwa, haɗin da ya dahu sosai yana tsallake su. Daskarewa kuma ba alamar jabu ba ce, zuma ta gaske ma tana yi, musamman da hunturu.

In ta kwalba ce, a duba lambar NAFDAC. In ta jarka ce, a saya wurin mai kiwon da aka san gidansa da amyoyinsa, kuma kada a tura ko sisi sai kaya sun iso hannu. Masu ciwon suga da ake ce musu wannan zumar magani ce, don Allah ku sanar da su.