Jan ƙarfe ko rage gishiri: wanne ya dace da kifin teku a Damagaram?

Ƙanena, sannu da wannan jarrabawa. Ka ce mako 2 bayan ka saka sabon kifin da aka kawo maka ta Kano, fararen ɗigo sun feso wa shuɗin kifinka, yana ta goga jiki da dutse, kuma akwai murjani, wato halittar teku mai rai mai kama da dutse, da jatan lande a tankin. Wasu sun ce ka zuba maganin jan ƙarfe, wasu sun ce ka rage gishirin ruwa, kai kuma ka rasa na ɗauka. Na gwada duka biyun a nan garin, don haka ga abin da na sani.

Kafin komai, yau da dare ka kashe fitilar ɗaki ka haska kifin da tocila daga gefe. In ɗigon suna ƙirguwa, kowanne kamar ƙwayar gishiri, kifin kuma yana cin abinci, to ƙwaron da ake kira Cryptocaryon irritans ne. In kuwa abin kamar ƙurar hunturu ce ta lulluɓe shi, yana haki, yana tsayawa a bakin famfo inda ruwa ke bugowa, yana gudun haske, to wannan Amyloodinium ocellatum ne, kuma yakan gama da tanki cikin kwana 2 ko 3. Shi wannan na biyun rage gishiri ba ya yi masa komai, domin yana rayuwa har a ruwan da gishirinsa bai taka kara ya karya ba. In shi ne, zancen zaɓi ya ƙare, jan ƙarfe za ka nema yau ba gobe ba.

Mu ɗauka na farkon ne, tunda bayaninka ya fi kama da shi. Ƙwaron yana shiga ƙarƙashin fata ya ci kwana 3 zuwa 7, sannan ya faɗo ƙasa ya manne da dutse ko yashi, ya rufe kansa da ɓawo yana rarrabuwa. Daga ɓawo ɗaya ƴaƴa wajen 200 kan fito, suna iyo suna neman kifi, wanda bai samu ba cikin kwana 1 ko 2 ya mutu. Jan ƙarfe ba ya taɓa wanda ke cikin fata, ba ya taɓa wanda ke cikin ɓawo, sai dai ƴaƴan nan masu iyo. Shi ya sa in ɗigon suka ɓace ranar Laraba kada ka yi murna, sun sauka haihuwa ne.

Hanyoyin biyu sun yi tarayya a abu guda: ba a yin ko ɗaya a babban tanki. Kowace za ta kashe maka murjani da jatan lande da dodon koɗi. Dole ka kwashe kifin duka, har wanda ba ka ga komai a jikinsa ba, ka kai su tankin jinya: babu yashi, babu dutse, sai guntayen bututun roba don su ɓuya, da soson tacewa da famfon iska. Babban tankin kuma ya zauna babu kifi ko ɗaya har kwana 76, saboda an taɓa samun ɓawon da ya kai kwana 72 kafin ya fashe. Na san yana da ciwo mutum ya zauna yana kallon tanki wayam har wata 2 da rabi, amma wanda ya tsallake wannan ya yi aikin baban giwa.

Rage gishiri yana da daɗin ji. Ba ka sayen magani, kifin ba ya daina cin abinci, har ma numfashi ya fi yi masa sauƙi don ruwa mai ƙarancin gishiri ya fi riƙe iska. Ruwan teku yana kan 1.025 ko 1.026 a ma'aunin gishiri, wato kusan giram 35 na gishiri a kowace lita. Za ka sauko da shi a hankali cikin kwana 2 zuwa 1.009, kusan giram 12, ka riƙe shi nan kwana 30 bayan ɗigo na ƙarshe ya ɓace, sannan ka riƙa hawa da 0.002 kacal a rana, domin hawan ya fi saukar wahalar da kifi. Sai da rifraktomita mai kyau, wato abin auna gishiri wanda ake ɗiga ruwa a leƙa. Ma'aunin roba mai allura ba abin dogaro ba ne a wannan aiki.

To amma a Damagaram muke, kuma a nan ne take. Iskarmu busasshiya ce, tana shan ruwa ta bar gishiri. Lokacin da na yi wannan jinya cikin bazara, tankina mai lita 60 yana rasa wajen lita 2 a wuni, don dole in bar fanka tana hura samansa saboda zafi. Na manna ɗan salatif a gilashin daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. In na cika da asuba, kafin la'asar ya sauka ƙasa da shi, farin gishiri ya bushe a gefen marfi. Wata rasuwa ta kai ni Mirriya na kwana 3, ba wanda ya ƙara ruwa. Lita 6 cikin 60 kashi 10 cikin 100 ke nan, gishiri ya tashi daga 12 zuwa sama da 13, ma'auni ya nuna 1.010. Ɗan wannan hawa ya isa wasu ƙwarin su tsira. Bayan mako guda ɗigon suka dawo, na sake ƙirga daga rana ta farko, kuma na rasa kifi ɗaya da na yi shekara 2 ina kiwo. Har yau ina jin abin. Ga kuma pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, da ke faɗuwa a ruwa mai ƙarancin gishiri, shi ma sai an bi shi kullum.

Jan ƙarfe guba ne, in faɗa maka gaskiya. Dabarar ita ce a ba da adadin da zai kashe ƙwaro bai kashe kifi ba, kuma kowane iri da nasa adadi. Maganin jan ƙarfe mai suna Cupramine ana riƙe shi a miligiram 0.5 a lita. Irin su Copper Power kuwa, waɗanda aka ɗaure jan ƙarfensu da wani sinadari, daga 2.0 ne zuwa 2.5. Ka lura da wannan tazara: in kana kan 2.0 iska ta sha kashi 10 na ruwanka, ka koma 2.2, kana nan cikin iyaka. Shi ya sa na fi son wannan irin a garinmu. Ana hawa zuwa adadin cikin ƴan kwanaki, a riƙe kwana 30, kuma in ya faɗi ƙasa ko na wuni ɗaya ne sai a sake ƙirga. In ruwa ya ragu da kansa ka ƙara ruwan daɗi zalla, jan ƙarfen bai je ko'ina ba. In kuma canjin ruwa za ka yi, sai ka sa maganin a sabon ruwan tun yana bokiti.

Ka cire gawayin tacewa, yana tsotse maganin. Kada ka haɗa Cupramine da ruwan maganin nan irin Prime masu ɗaure amoniya, wato gubar da ke taruwa a ruwa daga ƙazantar kifi, suna mayar da shi mummunar guba. Kada kuma ka ce za ka haɗa jan ƙarfe da rage gishiri don abin ya yi sauri, gubarsa ƙaruwa take a irin wannan ruwa. Kifin yakan rage cin abinci, ka yi ta lallaɓa shi da abin da ya fi so.

Akwai hanya ta uku, sauya wa kifi sabon mazubi kafin kowace awa 72 ta cika, sau 4. Tana aiki, kuma ranarmu tana busar da mazubin da aka bari sarai, amma kai ma ka san yadda ruwa yake a garin nan, balle gishirin teku da sai an yi odarsa. Tafarnuwa kuwa tana iya buɗe masa ciki, ba ta kashe ƙwaro. Ɗumama ruwa dabarar masu kifin ruwan daɗi ce, a nan sai dai ta rage wa kifin iska.

Ni dai da ni ne kai, jan ƙarfe mai faɗin tazara zan ɗauka, bisa sharaɗin in sami abin gwajinsa a hannu, wanda ke karanta irin da na saya. In ba ka da shi, kada ka ɗiga ko ɗigo ɗaya da ka. In rifraktomita kake da shi, kuma akwai mai tsaya maka a kan layin salatif ɗin safe da yamma, fara rage gishiri yau, ya fi zaman jira. Ko wacce ka ɗauka, ka tanadi famfon iska mai batir saboda ɗaukewar wuta, ka kuma gwada amoniya kowace safiya, don sabon tankin jinya ba shi da ƙwayoyin da ke cinye ta. Turo mana hoton kifin a ƙarƙashin tocila da daren nan, mu tabbatar da wane ƙwaro ne kafin ka sayi komai. Allah ya ba su lafiya.