Sashen lafiyar matasa a ƙaramin asibitin unguwarmu: inda ya yi kyau da inda ya gaza

A ƙaramin asibitin gwamnati da ke unguwarmu, a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin birnin Kano, an keɓe ɗaki guda domin duba yara masu tasowa, wato 'yan shekara 10 zuwa 19, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance wannan rukuni. Ni malama ce a makarantar sakandaren 'yan mata, kuma 'yar yayana tana hannuna, saboda haka na san wurin ta fuska biyu: na raka tawa, na kuma tura 'ya'yan wasu da iznin iyayensu. Hukuncina shi ne wurin ya cancanci a je, kuma zan ci gaba da nuna wa iyaye hanyarsa, amma yarinyar da ta fi kowa bukatarsa ita ce wadda tsarinsa ya manta da ita.

Abin da ya fara gamsar da ni shi ne inda aka ajiye ɗakin. Ƙofarsa tana ta bayan ginin, kusa da ɗakin allurar rigakafi, nesa da bencin da masu juna biyu suke jiran awo. Wanda bai san unguwa ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne, alhali kuwa duk budurwar da aka gani da kayan makaranta a layin awo, labarinta zai riga ta isa gida, kuma ba za a tsaya tambayar ko ciwon mara ne ya kawo ta ba. Ɗakin yana da ƙofa mai rufuwa da labule a jikin gadon dubawa, kuma littafin rajista yana cikin aljihun tebur, ba a barinsa a buɗe inda mai shigowa zai karanta sunan 'yar maƙwabcinsa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta rufe sirrin majiyyaci, amma a wurare da yawa dokar tana kan takarda ne kawai, don haka na yaba da na ga ana aiki da ita a nan.

Ma'aikaciyar da ke kula da sashen ungozoma ce mai matsakaicin shekaru, kuma ita ce ƙashin bayan wurin. 'Yar yayana ta daɗe tana fama da ciwon mara mai tsanani da zubar jini mai yawa duk wata, har takan yi fashin makaranta. Da muka shiga, malamar ta gaishe mu, ta saurari bayanina har na gama, sannan ta ce, "Hajiya, idan ba damuwa ki ɗan jira mu a waje, zan kira ki kafin in rubuta komai." Ta cika alkawarinta. Da na dawo na tarar yarinyar da ba ta iya ɗaga ido a gabana idan an zo batun al'ada tana riƙe da takarda da aka zana mata jadawalin wata, ana nuna mata inda za ta riƙa sa alama ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke. Malamar ta ja fatar idonta ta ƙasa ta nuna mini yadda wurin ya yi fari fat, ta juya tafin hannunta ta kwatanta da nawa, ta ce, "Kin gani ko? Jininta ya yi ƙasa, shi ya sa take jiri idan ta miƙe. 'Yata, ba ragwanci ba ne, kin ji?" Daga nan ta tura mu gwajin jini, ta ba da maganin ƙarin jini, ta kuma yi bayanin cewa maganin ciwon mara irin su ibuprofen ya fi aiki idan an fara sha da zarar ciwon ya soma, bayan an ci abinci, maimakon a jira sai yarinya ta fara birgima a ƙasa a kwashe ta zuwa kemis a yi mata allura. A hanyar gida yarinyar ta ce mini, "Gwaggo, ashe ba ni kaɗai ba ce." Lallai ba ita kaɗai ba ce, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini.

Na kuma yaba da yadda take bi da abin da 'yan mata suke kira sanyi. Kusan duk ɗalibar da ta taɓa kawo mini ƙorafi a ɓoye, da wannan kalma take farawa, kuma da yawansu sun riga sun sha ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta daga kemis, ko jiƙon masu talla da lasifika, ko wani haɗi da suka gani a TikTok. Malamar tana bambance musu farin ruwan da yake ɗabi'ar jikin kowace balagaggiyar mace, wanda ba ya bukatar magani, da wanda yake zuwa da ƙaiƙayi ko wari ko sauyin launi ko zafin fitsari, wanda shi ne ake dubawa. Tana hana su cusa sabulu ko wani haɗi a gaba, kuma masu amfani da ƙunzugu na tsumma ba ta kushe su ba, sai dai tana jaddada musu a wanke shi da sabulu a shanya a rana ya bushe sosai. Ta san dalilin da ya sa take nanata haka, domin kunya tana sa yarinya ta ɓoye shi da danshinsa a ƙarƙashin katifa don kada yayyenta maza su gani a igiya. Dokar Kuɗi ta 2019 ta cire harajin VAT daga audugar mata da ake yi a cikin Najeriya, amma farashinta har yanzu ya fi ƙarfin gidaje masu yawa, saboda haka shawarar da ta yi la'akari da aljihun iyaye ita ce mai amfani.

A nan ne kuma ake yin rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa mafi yawan sankarar bakin mahaifa. Najeriya ta shigar da allurar cikin jerin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba na 2023, allura ɗaya tak ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma kyauta ce. A 2020 an ƙiyasta mata kusan 12,000 sun kamu da wannan sankara a ƙasar, kusan 8,000 sun rasu. Iyaye da yawa suna zuwa da shakka, musamman jita-jitar cewa allurar tana hana haihuwa, kuma ba na ganin laifinsu gaba ɗaya, domin Kano ba ta manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma wannan tabo yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. Na ga malamar ta zaunar da wata uwa mai irin wannan tsoro, ba ta yi mata dariya ba, ba ta kuma ce da ita jahila ba. Ta nuna mata kwalbar da ranar ƙarewar wa'adinta, ta gaya mata cewa allurar ba ta taɓa ƙwan haihuwa, kuma abin da aka fi gani bayanta shi ne tsamin hannu ko ɗan zazzaɓi, sannan ta ce ta je ta yi shawara da maigidanta ta dawo idan sun gamsu.

Inda sashen ya gaza, kuma gazawar ta dame ni ƙwarai, shi ne batun ƙananan matan aure. Wata tsohuwar ɗalibata, wadda aka ɗaura wa aure tana da shekara 16, ta zo da cikin fari, ni kuma na ce ta fara da wannan ɗaki. Mai ba da kati ya dubi lulluɓinta ya tura ta layin awo, domin a fahimtarsu ɗakin matasa na 'yan makaranta ne, wadda ta yi aure kuwa ta zama babba. A layin awo ta zauna cikin mata masu 'ya'ya biyar da shida, aka auna ta cikin gaggawa saboda cunkoso, ta fito ba ta yi tambaya ko ɗaya ba, domin yarinya mai cikin fari ba ta buɗe baki a gaban sa'o'in mahaifiyarta ta ce ba ta san alamar naƙuda ba. Aure ya sauya mata suna da ɗaki, amma ƙugunta da jininta na 'yar shekara 16 ne. Binciken 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 a Najeriya sun haihu ko suna da cikin fari, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 29, kuma mafi yawansu a ɗakin aure suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa masu haihuwa a waɗannan shekaru sun fi 'yan shekara 20 zuwa 24 fuskantar jijjiga da cututtukan bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. Duk wanda ya san dalilin kafa cibiyar yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina, ko cibiyar Laure a Asibitin Murtala, ya san abin da doguwar naƙuda a gida take jawo wa yarinyar da jikinta bai gama ƙosawa ba.

Irin wannan amarya tana da hakkin a zaunar da ita ita kaɗai a gaya mata cewa ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da gani dishi-dishi da zubar jini ba laulayi ba ne da za a jure, a kuma tsara da ita inda za ta haihu tun kafin ta tafi goyon ciki gidan iyayenta. Tana da hakkin a yi mata bayanin tazarar haihuwa bayan ta sauka, don jikinta ya murmure, don kuma ta iya komawa karatu idan tana so. A wannan asibiti ma'aikata ba sa ba ta wata hanya ta tazara sai da amincewar mijinta, kuma na fahimci tsoronsu na rigima, amma babu wani shiri da aka yi na gayyato mazan ko surukai a yi musu bayani, saboda haka an ɗora wa yarinya nauyin shawo kan mutanen da ba ta iya musu da su. Maƙwabtanmu a Nijar sun fuskanci wannan matsala da makarantun mazaje da aka faro a jihar Damagaram tare da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma da lafiyar haihuwa, inda magidanta masu mutunci a gari suke zama su tattauna lafiyar iyali, su kuma ja hankalin 'yan uwansu maza su bar matansu zuwa asibiti. Ban ga abin da zai hana kwamitin unguwa da limamai da mai unguwa su gwada makamancin haka a nan ba.

Sauran matsalolin na tsari ne. Ana buɗe ɗakin da safe a rufe bayan azahar, daidai lokacin da 'yan mata suke aji, da yamma kuma suna Islamiyya, don haka zuwa asibiti yana nufin fashin makaranta. Ma'aikaciya ɗaya ce, idan aka tura ta bita sai a tarar da ƙofa da kwaɗo. Kati da ganin malama kyauta ne, gwaji kuma ba shi da tsada, amma magani yakan ƙare a rubuta takarda a ce a saya a waje. Hotunan da ke bango kusan duk da Turanci suke, babu na Hausar boko balle ajami, ga shi kuwa iyayen da suke rakiya da yawansu ajamin suka fi iyawa. Samari kusan ba sa zuwa, domin ba namijin ma'aikaci da za su iya yi wa bayanin abin da ke damunsu, ko da yake dokar gwajin lafiya kafin aure da jihar Kano ta kafa a 2024, wadda ta haɗa da gwajin sikila da ƙanjamau da ciwon hanta, ta isa ta sa a fara yi wa maza da mata bayanin nau'in jininsu game da sikila tun kafin soyayya ta yi nisa.

A kan fyaɗe malamar ba ta ɓoye-ɓoye, kuma wannan bayani ne da ya kamata kowace uwa ta riƙe. Maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5, saboda haka zaman sulhu a gida na mako guda yana cinye lokacin da za a ceci yarinyar. Tana ba da taimakon farko, ta tura iyali cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala, inda ake kula da waɗanda aka ci wa zarafi.

Uwar da za ta kai 'yarta, ina ba ta shawara ta tafi da ranakun al'adar yarinyar a rubuce da kwalayen duk maganin da ta sha, ta kuma amince ta jira a waje idan an nemi haka. Mai rakiyar ƙaramar amarya kada ta tsaya ga abin da mai ba da kati ya faɗa, ta nemi malamar sashen matasa kai tsaye bayan an gama awo, domin da na kai mata tsohuwar ɗalibata da kaina ta karɓe ta hannu bibiyu. Na rubuta wa kwamitin raya lafiya na mazaɓarmu ina roƙon a buɗe ɗakin safiyar Asabar, a kuma sanar da masu ba da kati cewa duk wadda ba ta kai shekara 20 ba, da aure ko babu, a fara kai ta wannan ɗaki.