Kwaikwayon ruwan sama: lissafin tarihi ko samfurin yanayi?

Injiniyan da ke son sanin ko madatsar ruwan birni za ta ɗauki jama'a nan da 2050 yana buƙatar ruwan saman da bai sauka ba tukuna. Hanya biyu ake ƙirƙiro shi a kwamfuta.

Ta farko lissafi ce zalla. Ana ɗaukar bayanan ma'aunin ruwa na shekara 30 ko fiye, a gano yiwuwar yin ruwa yau idan jiya an yi, sannan a samar da dubban shekarun ƙirƙira. Wani mai bincike, C. W. Richardson, ya shimfiɗa wannan tsari a 1981. Ba tsada, ƙaramar kwamfuta ma ta isa. Amfaninta babba shi ne yawa: cikin dubban shekarun nan ana iya cin karo da fari na shekara uku a jere, irin wanda ya kusa ƙafar da famfunan Cape Town a 2018. Rauninta kuwa, tarihi ta sani. In sauyin yanayi ya canza ɗabi'ar damina gaba ɗaya, sai an gyara mata alƙaluma da hannu.

Ta biyu samfurin yanayin yanki ne, wato manhajar kwamfuta da ke bin dokokin iska, zafi da tururi, kamar na shirin CORDEX na masana yanayi na duniya, mai raba ƙasa gida-gida na kilomita 12 zuwa 50. Yana iya nuna abin da tarihi bai taɓa gani ba, amma yana cin babbar kwamfuta, kuma yakan yawaita yayyafi ya rage mamako.

Ni dai ga madatsa, inda dogon fari ne abin tsoro, ta farko zan ɗauka, in ciyar da ita da sauyin da ta biyu ta hango.