Karatun Mataimakin Likita a Jami'o'in Kirista na Amurka: Wacce Ta Dace da Kai?

Ɗiyar yayata da ke zaune a jihar Ohayo ta gama digirin farko, ta yi shekara biyu tana kula da tsofaffi don tara awoyin aiki da marasa lafiya da makarantun mataimakan likita ke nema. Ran nan na tarar ta baje takardun makarantu huɗu a kan teburin cin abinci, duk na coci-coci, ta ja layi da jan biro a ƙarƙashin kuɗin kowacce. Ta ce, "Kawu, wacce zan cike?" Na ce mata ta ajiye biron tukuna, domin ba da kuɗi ake farawa ba.

Aikin mataimakin likita, wanda ake taƙaitawa da PA, ya samo asali ne a Jami'ar Duke a 1965, lokacin da Dokta Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa ya horar da su saboda ƙarancin likitoci. Yau digiri na biyu ne, wata 24 zuwa 27 a yawancin makarantu: shekara guda a aji, sauran kuma zagayen asibiti, daga ɓangaren yara da mata zuwa tiyata da ɗakin gaggawa. Wanda ya gama yana duba mara lafiya, ya rubuta magani, ya taimaka a ɗakin tiyata.

Abu na farko da za ka duba shi ne amincewar ARC-PA, hukumar da ke tantance makarantun mataimakan likita a Amurka. Idan makaranta ba ta da ita, ba za a bar ka ka zauna jarrabawar PANCE ba, wato jarrabawar ƙasa ta mataimakan likita mai tambaya 300, kuma babu lasisi sai da ita. Amincewar ma hawa-hawa ce. Akwai ta wucin gadi da ake bai wa sabon shiri, akwai cikakkiya, akwai kuma ta gargaɗi ga makarantar da aka samu da gazawa. Dole ne kowace makaranta ta buga a shafinta na intanet yadda ɗalibanta suka ci PANCE a shekaru biyar na baya. Ka nemi wannan jadawalin ka karanta da idonka, ka kuma duba mutum nawa suka fara aji, nawa suka gama.

Sai batun addini, wanda a nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa, Kirista da Musulmi baki ɗaya. Sunan "jami'ar Kirista" ya rufe abubuwa daban-daban.

Na 'yan Katolika, irin su Marquette a Milwaukee, Creighton a Omaha da Jami'ar Saint Louis, ƙofarsu a buɗe take ga kowa. Ba sa tambayar me ka yi imani da shi. Za ka ji addinin ne a darasin ladubban aikin lafiya da yadda suke matsa wa ɗalibai su yi wa talakawa hidima.

Na 'yan Adbantis, wato Loma Linda a Kalifoniya da Kettering kusa da Dayton, su ma suna karɓar mabiya wasu addinai, amma tsarinsu zai shiga makonka sosai. A Loma Linda akwai taron sujada na mako-mako da darussan addini na dole, ba giya, ba taba, ɗakin cin abinci ba ya dafa nama, kuma daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa faɗuwar ranar Asabar harkar karatu tana tsayawa. Wani zai ga takura, wani kuwa natsuwar da yake nema ke nan. Abin da ya fi jan hankalina game da su shi ne kowacce tana jingine da asibitocin cocinsu, saboda haka ɗalibi ba ya yawon neman inda zai yi zagaye. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wasu sababbin makarantu kan tura ɗalibi gari mai nisa na wata guda, haya da mai duk daga aljihunsa.

Kashi na uku su ne na cocin bishara, kuma su ma ba ɗaya suke ba. Trevecca ta cocin Nazarin a Nashville tana horar da mataimakan likita tun 1976, Harding tana Arkansas, Bethel tana Minnesota. Cedarville kuwa, wadda ita ma ba ta da nisa da Dayton, tana neman ɗalibi ya ba da shaidar bangaskiyarsa ga Almasihu. Ga Kiristan da ke son malamin da zai buɗe aji da addu'a, ya kuma yi tafiyar aikin jinya na mishan, gida ya zo. Wanda ba haka yake ba, ya karanta alkawarin zama da ake sa hannu a kai tun kafin ya biya kuɗin fom. Musulmi ya tambaya kai tsaye game da lokacin sallar Juma'a da sa hijabi a asibiti, ya kuma nemi amsar a rubuce.

Kuɗi kuwa, kusan duk waɗannan masu zaman kansu ne, kuma kuɗin karatun kan kusanci dala 100,000 ko ya zarce, ban da haya da abinci. Karatun ba ya barin lokacin yin aiki a gefe. Jami'ar gwamnati a jiharka takan fi araha, don haka ka sa ko guda ɗaya a jerinka.

Mai son zuwa daga gida ya san cewa bashin karatu na gwamnatin Amurka ba na masu bizar ɗalibi ba ne, kuma makarantu da yawa suna son a yi darussan share fage a can. Nijeriya ba ta da matsayin mataimakin likita a tsarin lasisinta. Gana tana da shi, har Jami'ar Presbyterian tana koyar da shi a Agogo, a matakin digirin farko.

Ɗiyar tawa ta soke biyu daga cikin huɗun a daren nan. Shafin CASPA, inda ake cike fom ɗaya don makarantu da yawa, yana buɗewa a ƙarshen Afrilu, kuma da yawansu suna ba da gurbi ne yadda takardu ke shigowa. Ta ce kafin lokacin za ta kira sauran biyun ta ji a waɗanne asibitoci ɗalibansu na bara suka yi zagaye.